Matar da Ba Ta Karɓar Saƙo a Bakin Ƙofa

Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, ita ta riga ta wuce. Mace ce gajera, mai ɗan jiki, tana tafiya tana jan ƙafar hagu kaɗan, da shuɗin akwatin sanyi rataye a kafaɗa. Murfin akwatin ya taɓa tsagewa, ta ɗaure shi da robar taya. Daga baya asibiti suka ba ta sabo fil, ta karɓa ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ci gaba da ɗaukar tsohon, wai shi ya san hanya. A ciki akwai ƙanƙara a leda, da safar hannu, da 'yan robobi masu murfi, kowacce da ɗan cokali manne a jikin murfinta. Mutanen titi Mai Akwati suke ce mata. Matan da take shiga ɗakunansu kuwa Gwaggo suke kiranta, har da waɗanda suka girme ta.

Mai shayin bakin layinmu ba ya barin ta ta wuce lafiya.

“Mai Akwati, yau dai a buɗe mana akwatin nan mu ɗanɗana. Kullum sai dai mu ga ana wucewa da abin daɗi.”

“In na buɗe shi a nan, kai da ciniki sai baɗi,” in ji ta, ba ta ko rage tafiya ba.

Gaskiya ta faɗa masa. Bayan gida take ɗauka a akwatin. Na san wani zai ajiye takardar nan ya je ya wanke hannu. To ya wanke ya dawo, domin matar nan ta ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma ban ji an buga mata ko gwangwani ba. Ni gyaran rediyo nake yi a rumfar da ke kallon titin da take bi, karatuna bai yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ya gani, wanda bai gani ba kuma waɗanda suka gani sun ba ni labari.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ita ta fahimtar da ni. Ciwon sukari ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake zuwa wa mutum bayan ya manyanta. Akwai kuma wanda yakan kama mutum tun yana ƙarami, inda garkuwar jikinsa, wadda aka ajiye don ta tsare shi, take juyowa ta far wa ɗan wurin nan na cikinsa da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kamar mai gadin da ya tashi cikin magagi ya fasa tagar gidan da yake gadi. Mai irin wannan ciwo, allura ce abokiyar zamansa har ƙarshen rayuwa. To, a asibitin da Gwaggo take aiki akwai wata likita da abokan aikinta da suke son sanin abin da yake firgita mai gadin nan. Suna zargin ko wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairas, masu zama a hanji, suna da hannu a ciki. Shi ya sa suke bin mata masu wannan ciwo idan sun sami juna biyu, su duba su wane ne mazauna hanjinsu, ko sun bambanta da na sauran mata, ko kuma hakan yana taɓa jaririn da za a haifa. Har yanzu ba su ce sun gano ba. Likitar da kanta, in an tambaye ta, cewa take, “Muna dai dubawa.”

Ashe kowannenmu gari guda yake ɗauke da shi a ƙarƙashin riga, da 'yan gida, da baƙi, da 'yan fashi, da masu cin junansu. An ce wasu bairas ɗin ba ruwansu da mu, ƙwayoyin cuta maƙwabtansu suke farauta. An ce don ƙanƙanta madubin likita na yau da kullum ba ya kama su, sai dai a sa na'ura ta karanta sawunsu. Abin da Gwaggo ta kawo kuwa, a wani firji ake kwantar da shi wanda sanyinsa ya fi na ƙanƙara, ya yi ta barci shekara da shekaru yana jiran ranar da wani zai zo masa da tambayar da ba a ƙirƙiro ta ba tukuna. Wa ya sani, wataƙila mai tambayar yanzu rarrafe yake yi.

Amma duk wannan ilimi ƙafa yake bukata. Sai wani ya bi gida gida, ya yi sallama, ya roƙi mace mai ciki abin da ko mijinta ba ta son ya gani, ya sa a sanyi, ya kai kafin ya lalace. Lokacin da aka nemi mai yin wannan, ma'aikata kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Gwaggo a lokacin ta daɗe tana kai jini da fitsari daga ɗakunan marasa lafiya zuwa ɗakin gwaji, tana hawa tana sauka, har matakalar asibitin ta cinye mata gwiwa. Ta ɗaga hannu ta ce, “Ku ba ni. Aƙalla zan sha iska.”

Gwaggo, ke ce kika mayar da abin kunya abin dariya. Matan da kika yi wa aiki sun shaida mini cewa ba ki taɓa yamutsa fuska a ɗakin kowa ba. Wadda ta noƙe ta kasa miƙo roba, sai ki zauna a bakin gado ki ce, “'Yar nan, na sarki ma ba turare ba ne, miƙo.” Wadda wuta ta ɗauke a layinsu tana kukan allurarta za ta lalace, ke kika je kika tsaya a kan mai sayar da ruwan sanyi har ya ba ta gurbi a firjinsa, kuma har yau gurbin nata ne.

Gwaggo tana da doka ɗaya wadda ba asibiti suka kafa mata ba. Ba ta karɓar roba daga hannun kowa sai mai ita. Ba miji, ba uwa, ba 'yar aike. Sai ta shiga, ta ga matar ido da ido, ta karɓa hannu da hannu. Asalin dokar abin dariya ne. A farkon aikin, wata mata cikinta ya ɗaure, kunya ta hana ta faɗa, sai ƙanwarta ta taimaka mata ta cika robar, aka miƙo ta ƙofa. Da Gwaggo ta dawo wani zuwan, ƙanwar ta kasa riƙe dariya, asiri ya tonu, mutumin ɗakin gwaji ya dafe kai ya zubar da aikin da ya yi. Daga ranar Gwaggo ta rantse. Mutane da yawa sun ji haushinta a kan wannan. Wasu sun ce tsegumi ne yake kai ta ɗakunan mutane. Ita dai in an matsa mata, cewa take, “Robar ba ta gaya mini yadda mai ita ta kwana.”

Yanzu bari in kawo ku gidan Tela.

Tela yana da shago a bayan rumfata, mutum ne marar hayaniya, in yana magana sai ka matso. Matarsa Auta ake ce mata, siririya mai yawan barkwanci, ciwon sukari ya kama ta tun tana makarantar firamare. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Wannan na uku ya zauna, ya yi nisa, har ya fara hana ta ɗaure takalmi. Tela ya ɗinka 'yan riguna da ragowar yadin mutane, amma ya ɓoye su a saman kabad, ba ya son kowa ya gani, kada a sake naɗe su kamar na baya. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan suke kira Inna, ta bar ɗakinta ta dawo kusa da su don ta sa ido.

Inna tana son surukarta, wannan kowa ya sani. Kuma tana da dalilin tsoro. A farkon cikin, wata rana Auta ta yi allura, ta ci abinci, laulayi ya dawo da abincin, sukarinta ya faɗi warwas. Inna ce ta tsince ta a gindin famfo, jiki sanyi ƙalau, gumi yana tsiyaya, ido a juye. Ita ta shafa mata zuma a dasashi har ta dawo hayyacinta. Tun daga ranar Inna ta kafa tata dokar: ba ci, ba allura. Ta ɗauke maganin ta mayar da shi ɗan firjin ɗakinta, sai ta ga an cinye kwano take fito da shi.

Ranar da zan ba ku labari, hantsi ya ɗaga, Gwaggo ta yi sallama a ƙofar gidan. Maimakon ta ji muryar Auta tana cewa “ga mai karɓar haraji nan,” sai Inna ta fito da roba a ƙulle cikin leda, ta ja ƙofa ta bayanta.

“Ga saƙonki. Yarinyar ba ta jin daɗi, yanzu-yanzu barci ya ɗauke ta. A bar ta ta huta.”

Gwaggo ba ta miƙa hannu ba. “Yaya, ai kin san hali.”

“Na san hali. Yau dai a yi mana afuwa. Nata ne, a gabana ta yi, ko so kike in rantse?”

Gwaggo ta dubi robar ta cikin leda. Ruwa ne tsululu. “Tun yaushe take haka?”

“Shekaranjiya. Abin nan ne da ya zagaye yaran gidan, amai da gudawa. Kowa ya yi ya miƙe, ita ma za ta miƙe.”

“Allurarta fa?”

Inna ta gyara mayafi ta kawar da kai. Tela ne ya leƙo daga bayanta, ido ja, da alama bai runtsa ba. “Mun ɗan dakatar, Gwaggo. Ko ruwa ba ya zama a cikinta. Ke ma kin san abin da ya faru wancan karon. Kuma mun gwada da na'urar, sukarin bai hau can can ba.”

Gwaggo ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Abin da ta sani shi ne abin da Likita take nanata wa duk ma'aikatanta har ya zame musu waƙa: mai ciki mai wannan ciwo in ta fara amai, kada a jira, a kira. Ta faɗa musu haka. Nan take fuskar Inna ta canza.

“Asibiti, asibiti! Na farko a ina ya zube? Na biyu fa? Duk sanda kuka ɗauke mini ita, da hannu biyu take dawowa, ba komai a ciki. Wannan karon a gabana za ta warke. Karɓi kayanki, baiwar Allah, mutane suna jiranki.”

Gaskiya ne, ana jiranta. Akwai gidaje a gaba, rana tana hawa, ƙanƙara ba ta da haƙuri. Kuma gidan mutane ne, tsohuwa ce a ƙofar ɗanta, ba a ture ta a wuce. Da ta karɓi robar ta yi musu fatan sauƙi, ba wanda zai ce ta yi laifi, aikin da aka ɗauke ta ke nan.

Sai ta sauke akwatin daga kafaɗa, ta ajiye shi a tsakiyar ƙofa, ta zauna a kai.

“Me ke nan?” in ji Inna.

“Hutawa nake, Yaya. Gwiwata ta gaji. In Auta ta tashi ta miƙo mini da hannunta, sai in wuce.”

“In ba ta tashi ba sai yamma fa?”

“Sai a sa da ni a abincin rana. Ba na cin yaji.”

Masu wucewa suka fara rage tafiya. Mai ɗinkin takalmi ya leƙo. Inna mace ce mai gudun abin magana, ta duba hagu ta duba dama, ta yi tsaki. “Ke dai Allah ya yi ki da taurin kai. Shiga ki gan ta ki fito. Kada ki tashe ta.”

Ɗakin da duhu, an saki labule, fanka tana juyawa a hankali. Ga bokiti a gefen gado, ga kofin shayi da ba a taɓa ba ya yi fata a sama. Auta tana kwance ta gefe, ta rungume filo. Abin da Gwaggo ta fara ji shi ne numfashi. Ba numfashin mai barci ba ne. Dogo ne, mai zurfi, ɗaya na bin ɗaya, kamar na wanda ya hau bene da kaya a ka. Ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta kai fuska kusa. Leɓe sun bushe sun tsage. Ga kuma wani ƙamshi a bakinta, mai zaƙi-zaƙi, kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, kamar man goge farce.

“Auta. 'Yar nan.”

Ta buɗe ido da ƙyar. “Gwaggo... yau ban yi miki kwalliya ba.”

“Na yafe. Mutumin naki yana motsi?”

Auta ta kai hannu kan cikinta tana saurare. “Tun safe... ban ji shi sosai ba.”

Gwaggo ta ciro waya daga ƙugu ta kira nas ɗin da ke kula da matan, ta faɗi abin da ta gani, da abin da ta ji, da abin da hancinta ya shaƙa, ba ƙari ba ragi. Muryar nas ta fito har Tela yana ji daga bakin ƙofa: “Ku taho da ita yanzu. Kada ku tsaya komai. Ku haɗo da maganinta.”

Saura Inna. Tana tsaye ta tokare ƙofar ɗaki, leda a hannu. Gwaggo ba ta ɗaga mata murya ba. Ta kamo hannunta ta jawo ta bakin gado.

“Yaya, wancan karon ke kika tsince ta, ke kika cece ta, ba wani ba. Duk gidan nan ba wanda ya san jikin yarinyar nan kamarki. Taɓa ta. Saurari numfashin nan. Irin na waccan ranar ne?”

Inna ta ɗora tafin hannu a goshin Auta. Ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye.

“A'a,” in ji ta a hankali. “Wancan karon gumi take, jikinta kamar randa. Wannan a bushe take.” Ta ɗago ta dubi ɗanta. “Kai kuma ka tsaya kana kallona kamar gunki! Nemo mota!”

Motar da aka samu ta mai raba burodi ce, ya tsaya sauke kaya a shagon kusa. Aka ture faranti gefe, aka shimfiɗa bargo, aka kwantar da Auta a tsakanin burodi mai ɗumi. Na ga wucewarsu da idona: ƙofar baya a buɗe, Gwaggo ta ɗora kan Auta a cinyarta, ta maƙale akwatinta da ƙafafu, Inna tana rungume da maganin da ta ɓoye, Tela yana tsugune yana riƙe da ƙofa kada ta buge su. Mai burodi ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ɗauko lodin da ya sa shi addu'a da ƙarfi irin wannan ba.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa, aka haɗa da insulin a jijiya, aka ɗebi jini. Sannan nas ta kawo 'yar na'urar nan da ake ɗorawa a ciki don jin bugun zuciyar jariri. Tela ya ce mini ƙararta kamar rediyon da ake neman tasha. Shuuu. A matsa gefe. Shuuu. A ƙara matsawa. Kowa ya riƙe numfashi, Inna ta toshe baki da mayafi. Ni na san wannan jira, na yi shekaru ina murɗa maɓalli ina jiran mataccen rediyo ya yi tari, amma ban taɓa jira da rai a ciki ba. Can ƙasa, wajen ƙugu, sai ga ta. Dif-dif-dif-dif, da sauri, kamar mai buga ƙofa yana cewa ina nan, ina nan. Tela ya zame ya zauna a ƙasa.

Da abubuwa suka lafa, Likita ta fito ta sami Inna a kan benci tana hawaye tana cewa ita ta so ta kashe jikanta. Likita ta zauna kusa da ita. Ta yi mata bayani cewa mai irin wannan ciwo jikinsa yana bukatar insulin ko ya ci ko bai ci ba, sai dai a daidaita yawansa. In aka yanke shi gaba ɗaya, jiki yakan koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, kuma a mai ciki hakan yana iya faruwa ko sukarin bai hau sosai ba.

“Inna, tsoronki na gaskiya ne, abin da kika gani a gindin famfo ba wasa ba ne. Mu ne muka yi ta yi wa Auta bayani, muka manta da mai riƙe da firji.”

Tun daga lokacin, ranar awo Likita takan ce kowace mace ta zo da wanda yake kwana kusa da ita. Inna ce take zama a bencin gaba, kuma an ce tambayoyinta sun fi na kowa yawa.

Wani abu kuma da ba zan bari ya wuce ba. Duk wannan gudu da aka yi, ledar nan tana hannun Inna, ba ta sani ba. Sai da hankali ya kwanta ta dube ta, ta miƙa wa Gwaggo. “To, yanzu dai kya karɓa.”

Gwaggo ta taɓa ta da bayan yatsa. “Ta ɗumama, Yaya, ta tashi aiki. Kuma ai ba ke ce mai ita ba.”

Inna ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, “Allah ya shirye ki.”

Da Auta ta dawo daidai, Gwaggo ta hau bene da sabuwar roba, ta karɓa hannu da hannu. Mutumin ɗakin gwaji ya ce ya sami sawun ɓarawon a ciki, wani bairas ne sananne mai sa amai da gudawa. Ko yana da alaƙa da babbar tambayar da suke bi, bai ce ba. Yana can a firji yana barci da sauran.

Auta ta haifi 'ya mace, ƙatuwa, mai ƙarar murya. Tela ya sauko da rigunan daga saman kabad, aka tarar duk sun yi mata kaɗan, ya koma kan keke yana ɗinki yana murmushi shi kaɗai. Masu binciken suna bin jarirai ma, don haka Gwaggo ta ci gaba da zuwa gidan, yanzu da robobi biyu. A zuwanta na ƙarshe kafin ta ajiye aiki, ta ɗauki jaririyar ta ɗora a cinya tana yi mata wasa, an cire mata ƙunzugu ana shirin canzawa. Yarinya ta yi miƙa, ta ɓata fuska, ta sauke saƙonta gaba ɗaya a zanen Gwaggo.

Auta ta ruɗe tana ba da haƙuri. Gwaggo ta ɗaga hannu. “Ƙyale ta. Tun da na fara aikin nan ba wanda ya bi dokata sau da ƙafa kamar wannan. Ko roba ba ta yarda ta shiga tsakaninmu ba.”

Gwaggo, ke ce mai ƙafar da ilimi ya hau ya yi tafiya. In wata rana masu binciken nan suka gano abin da suke nema, in aka wayi gari an san yadda za a kwantar wa mai gadin jiki hankali kada ya far wa gidansa, sunayen da za a kira a rediyo ba naki a ciki, na sani, ke ma kin sani, kuma bai taɓa hana ki fitowa da sassafe ba. Ke ce kika ɗauki abin da kowa yake kawar da kai daga gare shi, kika rataya a kafaɗa kamar jakar zinariya. Hannuwanki sun tsattsage don yawan wanki da sabulu. An yi miki dariya a titi kin rama da dariya. Mun gode. Tela ya gode, shi da ba ya iya doguwar magana. Auta ta gode. Yarinyar nan in ta girma za a gaya mata, ta zo da ƙafarta ta biya ki zane. Allah ya huta gwiwar nan, ya ba ki tsufa mai daɗi, ya sa ki ga amsar tambayar da kika yi wa dako.

Ku kuma masu karatu, kowannenmu yana da ƙofar da ake miƙo masa saƙo ta cikinta. Mai kai magani, mai karanta mitar wuta, mai kai ɗinki, ɗan da yake aika wa uwarsa cefane da ɗan acaɓa bai leƙa ta ba. Karɓa a juya ya fi sauƙi, kuma ba wanda zai ce an yi laifi. Ina roƙonku, wani lokaci ku ajiye akwati ku zauna a kai, ku ce sai kun ga fuska.

An ba wa wata mata aikin Gwaggo, mai hankali ce, tana zuwa a kan babur da sabon akwati. Ran da ta fara zuwa gidan Tela, sauri take, ba ta ko kashe babur ba, ta yi sallama daga waje ta ce a miƙo mata saƙo. Inna ce ta fito, hannunta ba komai. Ta dube ta sama da ƙasa, ta wangale ƙofa.

“A gidan nan ba a miƙowa. Kashe abin nan, 'yata, ki shigo ki gan su da idonki.”